Laka a Karofin Baba

Asabar, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na yafa irin albasa, fangali huɗu. Daga yau kwana arba'in.

Haka aka tsayar jiya a zauren Baba, a gaban ƙaninsa Baffa Nababa da Yaya Basiru. In irin ya kai dashe da ruwan da na gyara, fadama ta zauna. In ya ƙone kamar tumatirin bara, Baba zai dangwala yatsa a takardar sayar da ita, masu buga bulo su zo su kafa injinsu a inda kakanmu ya noma rake.

Baffa har da dariya. Wai, "Kwana arba'in kamar mai jego? To Allah ya nuna mana jaririn." Na ce masa shi dai ya rage sintiri gidan dillali, mutane sun fara cewa zawarci yake zuwa. Baba ya ce in yi shiru. Kullum ni ne mai yin shiru.

Bari in rubuta don kada gobe a ce ƙaddara ce kawai. Rafinmu mutane ne suka kashe shi. Kamfanin nan na gabas da ke gasa kwal don masu narka ƙarfe, su ne. Suna fito da shi jajawur, su kashe wutar da ruwa, ruwan ya biyo kwata ya faɗo mana. Shekara uku ke nan. Wari kamar an dafa kwalta. Kwaɗi sun bar wajen kafin mu, su da suke da hankali.

Talata, 10 ga Oktoba, da hantsi

Rijiyoyin rini uku suka rage a karofin kakanmu, a bakin fadamar. Baba ya yi shekara talatin yana rini a cikinsu kafin kalar gwangwani ta kashe sana'ar. Tun ina ƙarami macizai ne ke haya a ciki. Yanzu nawa ne.

Ina ɗebo ruwan rafi da bokiti in zuba a ta farko. Ya kwana biyu in kwashe na sama zuwa ta biyu, daga nan ta uku, daga nan fangali. Bokiti ashirin a rana, ba ƙari.

Aikin ba ni nake yi ba, laka ce. Malama Sauda ta jami'a ce ta ba ni ita a jarka. Ta zo da damina tana ɗibar ruwan rafin a kwalabe, duk gari suka tsaya kallon takalmin robarta, ni na tambaye ta me ke cikin ruwan. Ta ce finol, da wasu 'yan'uwansa. Ta ce akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda suka koyi cin wannan gubar. Na ce kamar akuya da leda. Ta yi dariya ta ce akuya leda kashe ta take yi, su kuwa ƙiba suke yi su hayayyafa. A cikin lakar suke zaune. Ruwa ya zo ya wuce, laka ta zauna ta ƙaru. In babu ita, rijiya rami ce kawai.

Ta haɗa min da takardu shafi sittin da biyu, duk Turanci. Aji uku na sakandare na tsaya, amma na cinye su sau huɗu da ƙamus ɗin waya. Yaya Basiru mai difloma ya ɗaga shafin farko ya mayar, wai rubutun ya yi ƙanana.

Ranar da na kawo jarkar Baba ya tambaye ni me ke ciki. Na ce, "Ilimi ne, Baba."

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan azahar

A teburin Ɗanliti mai shayi sun sa min suna Furofesan Dagwalo. Wai ina kiwon ƙwayoyin cuta. Na ce gara ni na san abin da nake kiwo, shi Ɗanliti bai san abin da ke zaune a kofunansa ba tun zaɓen da ya wuce. Shayin ma yanzu ba madara, ba sukari, ruwan zafi ne da gulma.

Asabar, 14 ga Oktoba, da safe

Ya tsiro! Duka huɗun.

Litinin, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Halittun nan suna son iska. A takarda an ce a sa inji ya riƙa hura musu. Inji! Na ban ruwan Yaya ma yana ƙarƙashin gado tun da mai ya tashi. Don haka da hannu nake juyawa, sau uku a rana, da tsohuwar muciyar rini da na zaro daga rufin rumbu. Tafin hannuna duk ya yi kanta.

Yau Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallo.

"Kunu kake damawa?"

Na ci gaba da juyi.

"Kawo."

Ya karɓi muciyar, ya kafa ƙafa ɗaya a bakin rijiyar, ya nitsa ta har ƙasa ya ɗago ta a karkace. Sau ɗaya. Duk rijiyar ta juyo, ƙasa ta zo sama, kumfa ta taso. Ni sai na yi ashirin ban samu haka ba. Mutumin da ke dafa bango in zai miƙe daga tabarma.

Ya sunkuya ya shinshina kowace. Ya ce ta farko tana da rai, ta uku ma haka, ta biyu yunwa take ji. Na ce rijiya ba jaka ba ce. Ya ce shi dai a rini haka suke cewa, in kumfa ta yi fari ta watse da wuri, yunwa ce.

Na dawo gida na duba. Shafi na talatin da ɗaya. Haka aka rubuta, da dogon Turanci. Na zuba mata ruwan dusa da ɗan kashin shanu. Ban gaya masa ba.

Laraba, 18 ga Oktoba, da hantsi

Ya sake zuwa. Ya juya duka ukun, bai nemi izinina ba. Yana yi yana ba ni labarin shekarar da suka rina turkuɗi ɗari biyu na Buzaye, labarin da na ji sau ɗari biyu. Ya ce, "Wai shin maganin naka a ruwan yake narkewa, ko yaya yake aiki?" Na ce bayanin yana da tsawo, sai an san Turanci.

Ba ƙarya na yi ba. Yana da tsawo.

Lahadi, 22 ga Oktoba, bayan magariba

Inna ta rage tuwo zuwa sau ɗaya. Ba ta faɗa ba, da rana sai ta ce wai tukunyar ce ba ta nuna ba. Matar Yaya ta aiko da 'ya'yanta su ci a nan. Kowa ya ɗaga loma sai ya kalle ni, kamar ni ne na zauna a kan buhun masarar.

In an sayar za su ci wata nawa? Bayan nan su ci bulo?

Albasa ta kai tsawon yatsa. Kore shar.

Juma'a, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya Basiru ya biyo ta karofi daga masallaci, da farar shaddarsa, yana toshe hanci. "Bokiti ashirin, Furofesa? Fadamar kadada guda? Ai sai jikanka ya gama ban ruwan farko." Mutum uku na tare da shi, duk suka bushe da dariya.

Ranar Juma'a kamfanin ke wanke tankunansu, lokacin da kowa ke masallaci. Ruwan yau ja ne mai duhu, da maiƙo a sama. Baba ya leƙa bokitin ya ce, "Kada ka ba ta na yau. Rijiya ba ta son a cika mata ciki lokaci guda, balle da irin wannan."

Na zuba arba'in, a gabansu. Su gani in wasa nake.

Asabar, 28 ga Oktoba, da safe

Babu kumfa.

Lahadi, 29 ga Oktoba, bayan magariba

Ta farko ta mutu. Baƙi ƙirin, wari har hanyar kasuwa.

Rijiyoyin ne ba su da kyau. Sun tsufa, jikinsu duk ya tsattsage, wa ya san me ke tsatsowa ciki. A takarda tankin siminti aka ce. Ni aka ba ni ramuka.

Bayan la'asar a ƙofar masallaci Baffa ya tambaya, da ƙarfi, wai mushen me aka yar a fadama. Baba ya ce ba komai, yaro ne ya yi gaggawa, za ta gyaru. A gaban mutane. Yaro ne ya yi gaggawa.

An ce na faɗi magana. Na faɗa. Ba zan rubuta ta ba, duk wanda ke so ya tambayi Ɗanliti, yanzu haka yana sayar da ita da shayi.

Inna ta ajiye min tuwo a bakin ƙofa ta juya. Ba ta kira sunana ba.

Litinin, 30 ga Oktoba, da hantsi

Bai zo ba.

Talata, 31 ga Oktoba, da hantsi

Na kwashe rubaɓɓen ruwan, na ɗebi laka daga ta biyu na sa wa ta farko. Na koma bokiti goma. Bayana kamar zai tsinke.

Bai zo ba. Dama ban ce ya zo ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Muna haɗuwa a zaure, in gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Amsar ma cikakkiya, har da "Allah ya yi albarka." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na gwada juyin nan nasa, a karkace. Ba ya yi min.

Asabar, 4 ga Nuwamba, da safe

Kumfa ta dawo a ta farko. Kwana ashirin da takwas, albasa tana tsaye. Baffa ya zo ya zagaya fangalin da hannu a baya, ya ce ai ƙila ruwan rijiyar masallaci nake satowa. Shi ke nan. Zan kai ruwan ta uku wa Malama ta auna, in kawo takarda da hatimi in manna masa a goshi.

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan asuba

Na cika kwalabe uku. Na tara ruwan da zai ishi fangali kwana biyu a durom. Na ce wa Inna, "Ki gaya wa mijinki ya riƙa juya su safe da yamma, in zai iya ko da wannan."

Ta ce, "Mijina? Kai kuma daga bishiya ka faɗo?"

Gobe zan dawo.

Talata, 7 ga Nuwamba, bayan la'asar, Bacirawa

Babu wuta a ɗakin gwajin. Babu man janareta. Malama ta ce in jira. Ina gidan Gwaggo Kaltume, da ƙafa nake zuwa unguwar Rijiyar Zaki wajen jami'ar in dawo, don kuɗin mota ya tsaya a zuwa. Gwaggo ta tambayi lafiyar Baba sau uku. Labari ya riga ni zuwa, na gani a fuskarta.

Laraba, 8 ga Nuwamba, da rana

Babu wuta.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, da hantsi, a mota

Ya yi! Wallahi ya yi!

Motar na ta girgiza, amma sai na rubuta. Malama ta auna sau biyu don ba ta yarda da na farko ba. A cikin kashi ɗari na gubar, casa'in da huɗu sun tafi. Ta cire gilashi ta kalle ni ta ce, "Da muciya?" Na ce da muciya. Ta kira wasu mutum biyu daga ofishin kusa ta sa na maimaita. Ta ce in albasar ta kai dashe za su zo da shugabansu su gani, akwai yiwuwar a haƙa babban tafki da zai ishi fadamar gari duka.

Sannan ta ce in riƙe lakar nan da kyau. Wadda ta ajiye a wajenta ta mutu tun watan jiya da wutar ta yi sati biyu ba ta zo ba. Shekara biyu ta yi tana horar da halittun da ke cikinta. Tawa ce kaɗai ta rage.

Ta tambaya wa ke juya su da ba na nan. Na ce wani tsoho ne.

Takardar tana aljihun gaba. Baffa zan fara nema.

Alhamis, bayan magariba

Ban je gida ba, karofi na wuce kai tsaye. Tun daga nesa na ji babu wari. Na ji daɗi ma. Na ji daɗi.

Yana zaune a bakin ta uku, wando a naɗe, ƙafafu da hannaye baƙi har gwiwa. Da ya gan ni ya yunƙura zai miƙe, ya kasa, ya dafa muciya ya miƙe a karo na biyu. Yana murmushi.

"Ka dawo? Zo ka gani."

Na leƙa. Na leƙa ta biyu. Na leƙa ta farko.

Fes. Har ƙasa. An kankare su, an wanke, an liƙe duk tsagar da siminti, an goge. Ana ganin sawun tafin hannunsa a jiki. Tunda nake ban taɓa ganin gindin rijiyoyin nan ba.

Ya ce, "Da na sa muciya na ji gindinsu ya yi nauyi. Rijiya in ta tara haka kwashe ta ake yi, ba ta ƙara ba da kyau. Kwana uku na yi. Ban sa kowa ba, ni kaɗai, da igiya da bokiti." Ya goge hannu a riga. "Ka ce gadon da zan bar muku ramuka uku ne cike da ƙazanta. Gaskiya ka faɗa, na yi sakaci da su. To ga su nan. Gobe sai ka zuba maganinka a wuri mai tsabta."

Na ce ina lakar.

Ya ce ai bai zubar ba, shi ba yaro ba ne. Rabi ya shimfiɗa wa albasata, baƙar laka irin wannan ko takin zamani bai kai ta ba, ga shi buhu ya gagari kowa bana. Rabin kuma ya yi min katsi. Ya kai ni bayan durumi ya nuna min. Ya dunƙule ta curi-curi, ya shanya a rana, ya jera a kan karare ya ƙona, yadda marina ke yi da gindin rijiya in za su tada sabuwa. Curi talatin da wani abu, farare-farare, an jera su a layi kamar ƙwai.

"Da wannan ake kafa wata. Haka ubana ya koya min. Ban manta ba ashe."

Ya tsaya yana jira in ce wani abu.

Ni, Uwaisu, da ba a taɓa rufe min baki ba. Na ce, "Sannu da aiki." Na ɗauki muciya na rataya a kafaɗa muka taho gida, yana gaba ina baya, don ba ya iya sauri.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Na kankare lakar daga fangali da hannu. Ta riga ta bushe ta kama ƙasa, kuma ya yi ban ruwa a kanta sau biyar. Na tona gindin rijiyoyin ko da cokali ɗaya ya rage a wani lungu. Mutumin ya iya aiki.

Na kira Malama. Na gaya mata abin da ya faru. Ta ce lakar ba taki ba ce, duk abin da halittun suka kasa ci a cikinta yake taruwa. Ta ce wadda ta bushe a rana ƙila a samu wani abu, amma sai an yi wata shida ko fi ana lallaɓawa, kuma ba ta yi min alkawari ba. Ta ce, "Ba ka yi masa bayani ba ne?" Na ce layin ba kyau.

Asabar, 11 ga Nuwamba, da safe

Bakin ganyen ya fara rawaya.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na jido ruwan rijiyar masallaci, yanzu da gaske, bokiti talatin. Banza. Suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya kwanta shi ma, bayansa ne. Inna na gasa masa da tsumma. Ya sa aka kira ni. Ya ce in zauna, na zauna a bakin ƙofa.

"Na ji albasar ta juya. Kada ka sa a ranka. Ka yi ƙoƙari, kowa ya gani. Ruwan nan ne ya fi ƙarfin kowa. Ni ma na so a ce takin ya taimaka."

Yana ba ni haƙuri. Shi. Yana kwance yana ba ni haƙuri a kan ruwana da ya kasa.

Ruwana bai kasa ba.

Talata, 14 ga Nuwamba, bayan azahar

Ɗanliti ya ce an rage min matsayi, daga Furofesa zuwa masinja. Yaya Basiru ya dafa kafaɗata ya ce in an yi cinikin zai sa baki a saya min keken ɗinki. Kowa ya zama mai kirki. Gari guda na tausaya wa mahaukacin da ya karanta takarda ya ɗauka shi wani ne.

Casa'in da huɗu cikin ɗari. Da hatimi.

Laraba, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Inna ta same ni ina wanke rigata. Ta ga na zaro takardar na ajiye a kan turmi, na danne da dutse. Ba ta iya karatun boko ba. Ta daɗe tana kallonta.

"Tun da ka dawo hannunka na kan aljihun nan."

Na ce takardar makaranta ce.

"Ni na haife ka. In mugun labari ne da tuni ka yayyaga ta." Ta rage murya. "Ya kwana uku a cikin ramin nan, Uwaisu. Rana ta biyu sai da na je na jawo shi da igiya. Abin da ke aljihunka ka bar shi a aljihunka. Gonar ta tafi ta tafi. Ka bar min mutum."

Na ce to.

Na ce to, Allah ya ji.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, bayan magariba

Kwana arba'in.

Sun taru a zaure bayan la'asar. Mai unguwa Iliyasu, Baffa, dillalinsa, mutumin masu bulo da jakarsa, Yaya Basiru. An jingina Baba da bango da filo biyu. Ni ina bakin ƙofa. Na yi niyyar in zauna kawai.

Baffa ya ce, "To mai jego, an yi arba'in. Ina jaririn?"

Aka yi dariya. Na haɗiye. Wallahi na haɗiye wannan.

Sai Baba ya ɗaga hannu. "Ku ƙyale shi, Nababa. Yaro ne, ya yi iya saninsa. Abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Wata rana zai gane."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ƙarya nake, na sani. Na zaro ta, na warware, na karanta da Turanci tukuna don su ji nauyinta, sannan na fassara. Na miƙa wa Yaya mai difloma ya duba hatimin. Ya duba ya ce haka ne.

Mai unguwa ya ce to in ruwan ya gyaru, me ya kashe albasar?

Sai na yi bayani. Tiryan-tiryan, da Hausa mai kyau, ba gaggawa. Halittun da ido ba ya gani. Yadda suke cin gubar. Inda suke zaune. Abin da ke taruwa a jikin lakar da abin da yake yi wa saiwa. Shekara biyun Malama, da cewa tawa ce ta ƙarshe. Tafkin da za a haƙa wa gari duka. Ashe bayanin bai kai minti biyar ba.

Ban kalle shi ba sai da na gama.

Ba fushi a fuskarsa. Saurare yake yi, irin na mai sana'a, kai a karkace. Ya gane tun kafin in kai rabi, na ga lokacin. Ya fi duk wanda ke zauren ganewa.

Ya ce, "Wato lakar ce mai ran."

Na ce ita ce.

"Ni kuma na ƙona ta."

Ba wanda ya yi motsi. Dillalin ma ya daina kaɗa makullinsa.

Mai unguwa ya ce ko za a ɗaga cinikin a sake gwadawa? Na ce wata shida, in an dace. Baffa ya ce masu bulo sun ga wani fili a hanyar Bici, kuma gidaje uku ne ke jiran wannan su ci abinci. Na san haka za a ce. Na sani tun kafin in buɗe baki.

Baba ya ce magana an riga an yi ta, kwana arba'in aka ce. Ya ce a kawo tawadar. Yatsan nasa har yanzu da baƙin lakar a gefen farce. Ya dangwala a wuri uku, inda aka nuna masa. Sannan ya ce da mai unguwa, "A rubuta a san cewa aikin yaron nan ya yi. Ni na ɓata." Mai unguwa ya ce babu wajen rubuta wannan a takardar.

A waje Yaya Basiru ya kamo hannun rigata. Na ɗauka duka zai kai min, da na so.

"Sau nawa ya tambaye ka abin da ke cikin jarkar?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ya sake ni ya tafi.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, bayan azahar

A masallaci mutum huɗu suka ba ni hannu. Ɗanliti ya ce ashe dai Furofesan gaske ne, in zo in sha shayi kyauta. An ce tifa za ta fara kawo yashi ranar Litinin, rijiyoyin za a fara cikewa don kada mota ta faɗa.

Inna ba ta ajiye min tuwo ba. Ta aiko da shi ta hannun matar Yaya.

Gaskiya na faɗa. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. A duba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, da safe

Na fito zan wuce ta zaure. Yana zaune a kan buzunsa. Kafin in durƙusa, kafin in buɗe baki, ya janye ƙafafunsa daga hanya, ya gyara zama, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ina kwana, Malam."

Ba gatse ba ne. Na duba fuskarsa da kyau, na so ya zama gatse.

Na ce, "Lafiya lau." Na wuce.